Kifin Dutsen da Baba Ya Bar Mini

Ɗan marigayi Baba, maigidana a haƙar rijiya, ya cuce ni. Ya ƙwace kifin dutsen da tsohon ya bar mini, ya wanke shi don ya burge Baturen rijiya. Damina ɗaya ya zama gari mai wari.

Ni da Baba muka tono shi muna haƙar rijiya a hanyar Fika. Kifi a cikin dutse, har da ƙaya, yana ƙyalli! Da gashin kaza Baba yake share shi, ya shafa kakin zuma, yana cewa, "Kada ya ji danshi, ya girmi kakanninmu."

Jiya na tare ɗan nasa a kasuwar shanu: "Yaya, abin da ƙasa ta adana tun ruwan Ɗufana ka kashe da buta ɗaya. Allah ya jiƙan Baba, gara da bai gani ba."