Ɗurin Farko na Bindigar Sammani

A layin 'yan hatsi na Babbar Kasuwa ba mai kiran Sammani da sunansa, sai Sarkin Baka. Tsokana ce, don duk waɗanda ke kiransa haka ba wanda ya taɓa ganin ya harbi ko ƙadangare. Shi kuwa yakan amsa da fara'a, ya gyara zamansa a kan buhu, domin a ransa ya san akwai lokacin da sunan bai yi masa yawa ba.

Mutumin wani ƙauye ne a gefen dajin Rugu. Can ya buɗe ido ya ga ubansa da bindiga, can ya koyi bin sawun gada da laɓe wa zabi a bakin rafi. Shekarar da fari ya cinye gonaki ya kwaso matarsa Saudatu suka shigo Katsina, suka kama ɗaki a Ƙofar Sauri, da niyyar idan ruwa ya dawo su koma. Ruwa ya dawo, su ba su koma ba. Alhaji Usman mai hatsi ya ɗauke shi gadin sito, kwana ya zama wata, wata ya zama shekaru, gemu ya yi fari a bakin ƙofar sito.

Zamanin soja kuwa ko tunanin daji bai cika yi a fili ba. Shingaye ne a hanya, wa zai rataya bindiga ya shiga mota ya tsaya yi wa mai kaki bayanin zabo? Tsohuwar bindigarsa tsatsa ta cinye ta a jingine. Sai a shekarar da soja suka koma bariki, aka rantsar da farar hula, direbobi suka fara cewa hanya ta yi sauƙi, abin da ya daɗe a kwance a zuciyar Sammani ya tashi zaune. So yake ya koma dajin nan ko sau ɗaya, ya harbo zabuwa da hannunsa, tun idonsa na dama bai gama rufewa ba, don wata farar yana ta fara hawa kansa kamar man shanu a kan nono.

Ana cikin haka Alhaji Usman ya ce ɓarayi sun fara yawa, ya tura shi wurin Ɗanliti maƙeri a Ƙofar Marusa a ƙera masa sabuwar bindigar gadi.

"Ka ce mashi mai hwaɗin baki nike so," in ji Alhaji, "wadda in ta yi tari za a ji ta har Ƙohwar Sauri."

Ɗanliti gajere ne mai baki, abokin wasan kowa. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da gajiya da zafin wuta, ya zube wa Sammani bututun ƙarfe iri-iri a ƙasa. Masu wannan sana'a da yatsa suke awon bakin bindiga. Wadda babban yatsa ya shige ta gadi ce, tana watsa harsashi kusa, ga ƙara mai tsinka hanji, amma ba ta zuwa nesa. Wadda ƙaramin yatsa ne kawai ke shiga ta daji ce, tana kai saƙo har inda ido ya tsaya, sai dai ɓarawo ba ya ganin girmanta.

Sammani ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan ya leƙa cikinta. Bindiga ɗaya za a ƙera, kuma ya san a shekarunsa ba zai sake samun wata ba. Ya daɗe yana juya siririn bututun a hannu kafin ya ajiye shi, ya ɗauko wani na tsakiya, wanda manuniya ta shige daidai.

"Wannan hwa?"

Ɗanliti ya kalle shi ta wutsiyar ido. "Sarkin Baka, Alhaji ya aiko ka ko zabi sunka aiko ka?"

"Ai duk za ta yi. In ɓarawo ne ta ishe shi, in kuma Allah ya sa an tahi daji..."

"To na ji. Amma ka san al'ada, naman hwarko na maƙeri ne. Kada ka ce ban hwaɗa maka ba."

Al'adar kuwa Sammani ya fi shi saninta. A wurin maharban garinsu, ɗurin farko na sabuwar bindiga ba a zare shi, ba a kuma harba shi a iska. A kan nama ake sauke shi, a kai wa maƙerin da ya ƙera ta, sannan bindiga ta zama ta mai ita.

Ranar da ya karɓo ta ya zauna a tsakar gida da la'asar, ya zuba albarushi, ya danna tsumma, ya zuba ƙananan ƙwayoyin dalma, ya sake dannawa. Ya zura sandar ɗuri ya auna abin da ya yi saura a waje: yatsa biyu. Ɗurin zabo ke nan. Na gadi yatsa huɗu ne, da manyan dalma. Saudatu na tankaɗe a gefe, ita ma ɗiyar maharbi ce, ba a yi mata wannan lissafin a ɓoye.

"Malam, da wannan za ka tsare dawar Alhaji?"

"Sati mai zuwa zan tahi in sauke shi, in dawo in yi ɗurin gadi."

"Allah shi kai mu. Ni dai na manta ɗanɗanon romon zabuwar daji, ta gida duk ɗanɗanon dusa gare ta."

Sati mai zuwan nan shi ne bai zo ba. Abin haushin aikin Sammani shi ne, lokacin farauta da lokacin cikar sito lokaci ɗaya ne. Da kaka ta yi, an share gonaki, zabi sun yi ƙiba, a lokacin ne buhuna ke kaiwa rufi, Alhaji ba ya son jin ko kalmar tafiya. Idan sito ya yi sauƙi kuma damina ta sauka, ciyawa ta rufe daji, zabi na kan ƙwai, maharbin kirki ba ya taɓa su. Haka damina biyu ta wuce a kan bindigar, tana jingine a bangon sito mai tsattsafo, Sammani na shafe ta da man gyaɗa kullum har ƙotarta na ƙyalli. Allah ya rufa asiri, ɓarawo bai taɓa zuwa ba. Idon kuwa bai jira kowa ba, har ya kai sai mutum ya yi magana yake gane shi daga nesa.

Wata safiya kunamar bindigar ta yi sanyi, ya kai wa Ɗanliti ya ɗaure ta. Maƙeri ya zura sandar ɗuri don ya san ko akwai wuta a ciki, ya ɗora yatsu, ya ɗago kai a hankali.

"Yatsa biyu. Sammani, wannan ba ɗurin hwarko ba ne?"

Sammani ya sunkuyar da kai.

"Shekara biyu kana gadin dukiyar mutane da ɗurin zabo! Kawo in zare shi."

"A'a. Ba a zarewa."

Ɗanliti ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya ga idon mutumin, ya ga farin da ya kusa cinye baƙin. Ya juya guduma a hannu. Daga baya ya ce, "Namana nike bi, kuma na gaji da jira. Gobe ka tahi. Ni zan kwana bakin siton da gudumata, Alhaji kuma ka bar ni da shi."

Da hantsi motar kasuwa ta sauke shi, ya taka sauran da ƙafa. Inda ya san kurmi ya tarar da gonaki, inda ya san rafi ya tarar da yashi, amma ƙamshin busasshiyar ciyawa bai sake ba, har sai da ƙwalla ta taru masa. Ya yi kewar wurin nan fiye da yadda ya sani. Ya sami gindin wata kanya ya laɓe, ya jira har rana ta karkata.

Kunnensa ne ya fara kama su, wannan surutun nasu da ba ya ƙarewa. Sai ga su sun fito kiwo, dishi-dishi yake ganinsu, amma wata babba ta ware ta tsaya a fili, kusa ƙwarai, yadda ko da ido ɗaya ba zai kuskure ba. Ya ɗora ƙota a kafaɗa, hannun da ya yi zaton ya manta ya tuna komai. Ya yi bisimilla ya ja kunama.

Ƙyas.

Ya sake ɗanawa ya ja. Ƙyas. Albarushin ya sha sanyin damina biyu, ya dunƙule ya mutu a ciki tun ba a san ranar ba. Zabuwar ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da tonon ƙasa, sannan suka bi juna suka shige ciyawa ba tare da ko gaggawa ba.

Sammani ya zauna a wurin da bindigar a cinya, yana sauraron muryarsu tana nisa har ta ɓace.

Washegari ya biya maƙera kafin ya isa gida. Ɗanliti ya dubi jakarsa, ya ga yadda ta lafe, bai tambaya ba. Sammani ya miƙa masa bindigar da hannu biyu.

"Zare shi," ya ce. "Ka yi mata yatsa huɗu."