Bu Singara, Mai Shinshina Littattafai

Kowace Asabar, kafin a kaɗa ƙararrawa, Bu Singara (Bu shi ne Malama a wurinmu) ta riga ta jingine kekenta a gindin mangwaron makarantarmu, ta buɗe ɗakin littattafai, ta share, ta zuba gahawa a ƙaramin kofinta mai tsagaggen baki. Daga nan sai ta zauna a bakin ƙofa tana jiran yara su dawo da abin da suka ara. Ba ta fara duba ko wani shafi ya yage. Da ta karɓi littafi sai ta buɗe tsakiyarsa, ta kai hanci, ta lumshe ido, ta ja numfashi.

Idan ta ji ƙaurin soyayyen kifi, ko gishirin ciyawar teku, ko man kwakwar da ake shafa wa yara a ka, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla, je ki zaɓi wani." Idan kuwa kafur ta ji, ko ƙurar shinkafar da ake ajiyewa a saman rufi, sai ta miƙa wa yaron abinsa.

"Wannan bai je ko'ina ba. Koma da shi."

A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya. Babu wanda ya rubuta komai a kanta, shi ya sa na rubuta. Sunana Jumriani, ana ce mini Jum. Aikina ɗaura irin ciyawar teku a jikin igiya, a ƙarƙashin gidanmu da ke kan dogayen dirkoki, tare da sauran mata. Ban iya magana a cikin mutane ba, kowa ya san haka. Amma takarda ba ta kallon mutum, don haka zan faɗi abin da na gani.

Ina aji ɗaya na mayar mata da littafi fes, kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Ta shinshina, ta ba ni na koma da shi. Wata Asabar ɗin na sake kawo shi yadda yake. Sai ta durƙusa daidai tsawona ta ce, "Jum, kunkurun da ke ciki, ina ya je?" Ban sani ba. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalmina. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in sake tafiya da shi.

Da la'asar sai ga kekenta a ƙofar gidanmu. Mata na zaune a inuwar ƙarƙashin gida, igiyoyi a cinya. Kakata, Kaka Rannu, ta ɗago kai, ta kira ta da Daeng, yadda muke girmama mutum.

"Daeng Singara, lafiya? Ko yarinyar ta yi ɓarna?"

"Ba ta yi ba, Kaka. Abin da ya kawo ni ke nan. Ina littafin?"

"Yana can sama wajen shinkafa. Na naɗe shi a sabon zanena, na sa kafur. Ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

"To ɓerayen saman ne za su shiga aji biyu, ko Jum?"

Mata suka kwashe da dariya. Kaka ba ta yi ba. A wurinmu ba a barin abu mai rubutu a ƙasa, ba a tsallake shi, ba a taɓa shi da hannun kifi. Haka aka koya mata, haka ta koya mana. Ta ce, "Abu mai rubutu a nan, inda kaji ke yawo? Kuma kayan gwamnati? So kike a zo a kama ni da tsufana?"

"In an zo kamu, da ni za a fara. A sauko da shi."

Aka sauko da shi. Bu Singara ta warware zanen, ta buɗe shafin farko, ta tsoma babban yatsanta a kofin gahawar Kaka, ta dangwala a tsakiyar farar takardar. Wata ta yi salati. Wata ta rufe baki da hannu.

"Shi ke nan, na ɓata shi," in ji Bu Singara. "Ni na fara. Duk abin da ya same shi daga yau, a wuyana yake."

Kaka ta dubi littafin, ta dubi kofinta, ta ce, "Har da gahawata kin ɓata."

Ranar ce na san inda kunkurun ya je. Bu Singara ta zaunar da ni a tabarma cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta sa yatsana a ƙarƙashin kalmomi, muna bi ɗaya bayan ɗaya. Matan suka kasa kunne, hannuwansu na aiki. Da muka kai ƙarshe Kaka ta ce kunkurun nan wawa ne, amma a sake daga farko.

Tun daga lokacin, babu sabon littafin da ya hau kanta a ɗakin nan sai da tambarin gahawa a shafinsa na farko. Tana cewa ba ta so wani yaro ya zama shi ne na farkon ɓatawa, don wanda ke tsoron littafi ba ya karanta shi. Masunta sun gan ta ranar da littafin wata yarinya ya faɗa ruwa daga kwale-kwale. Uban ya jawo yarinyar har makaranta yana huci. Bu Singara ta karɓi abin yana ɗiga, ta ce, "Daeng, kai kullum a ruwa kake wuni, wa ya yar da kai?" Ta shanya shi shafi-shafi a kan gadon da muke shanya ciyawa, ta ɗinke shi da zaren kamun kifi. Har yau yana nan, ya kumbura ya yi biyun yadda yake, kuma yara na rububinsa.

Ke ce, Bu, mai hancin da ba a yi wa ƙarya. Ke ce kika san cewa tsabtar littafin yaro ba abin yabo ba ne. Da aka cire ni daga makaranta ina aji uku, lokacin da innata ta haifi tagwaye kuma igiyoyi suka rasa hannu, ke ce kika ce mini tagar bayan ɗakin littattafai ba ta san wanda ya bar makaranta ba. Ta tagar nan kika riƙa miƙo mini littafi duk Asabar har na yi aure. Duk kalmar da ke cikin wannan takarda ta tagar nan ta shigo.

A bana aka kawo mana sabon shugaban makaranta daga birni, Pak Haerul (Pak kuma shi ne Malam). Ba zan ce mugun mutum ne ba. Ya gyara rufin da ke yoyo, ya gina bayan gida, yana gaishe da tsofaffi. Shi ne ma ya samo kwalaye cike da sababbin littattafai, kowanne a cikin ledarsa, ya sa aka ƙera musu kabad mai gilashi. Amma da ya ga tsofaffin, masu kumburi da ɗinki da tabon mai, sai ransa ya ɓaci. Ya ce baƙi za su zo duba makaranta, kuma abin da za su gani ke nan. Ya liƙa takarda a ƙofa: 'yan aji ɗaya zuwa uku su yi karatu a cikin ɗaki kawai, ba a ba su aro zuwa gida sai sun shiga aji huɗu. Sababbin kuwa su zauna a gilashi.

'Yata Irna bana ta shiga aji ɗaya. Sau ɗaya tak ta zo gida da littafi. Asabar ta gaba ta dawo hannu wofi, ta zauna a matakala ta ƙi cin abinci.

A taron iyaye Pak Haerul ya yi bayani a natse. Ya ce ƙananan yara ba su iya riƙon abu ba, su jira su girma, littattafan ba gudu za su yi ba. Bu Singara ta miƙe.

"Littattafan ba za su gudu ba, Pak. Yaran ne ke gudu." Ta juyo wajenmu. "Iyaye mata, wadda ta taɓa zama a aji huɗu ta tashi tsaye."

Kaɗan suka tashi. Yawancinmu muna zaune, muna kallon hannuwanmu da gishiri ya tsattsaga. Ina cikin na zaune.

Pak Haerul ya ce, "Ai abin da nake so a daina ke nan, Bu. So nake kowace yarinya ta gama makaranta."

"Amin. Kafin addu'ar ta karɓu fa? Wadda za a cire bana, me za ta tafi da shi?"

Ya ce ya ji, amma doka na nan. Kowa ya san lissafin da yake yi: ƙarshen wata Bu Singara za ta ajiye makulli. Na so in yi magana a wurin. Na koma gida ina jin haushin kaina.

Ana gobe Asabar ɗinta ta ƙarshe, ta bi ƙarƙashin gidaje a kan kekenta tana cewa, "Gobe duk mai babban yatsa ta zo makaranta." Ba ta ƙara komai ba.

Da safe muka tarar ta buɗe kabad ɗin gilashi, ta yage ledoji, ta jera sababbin littattafai a kan tebur, kowanne a buɗe a shafin farko. A tsakiya ga faranti cike da baƙar gahawa. Muka tsaya a ƙofa cirko-cirko, babu mai son shiga gaba. Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana. Kaka Rannu ce, wadda yanzu ba ta ko iya hawa matakalar gidanmu sai an riƙe ta.

"Ku matsa, matsorata," in ji ta. "Singara, gahawar akwai sukari?"

"Ba ta sha ba ce, Kaka."

"Na sani. Ramawa na zo yi."

Ta tsoma yatsa, ta dangwala, ta lashe sauran. Daga nan layi ya kafu. Masu goyo, masu ciki, amare, har da matar liman. Da layi ya zo kaina, Bu Singara ta turo mini wani mai hoton jirgin ruwa a bango. Tambarina ya fito a karkace. Na miƙa wa Irna, ta rungume shi a ƙirji.

A lokacin Pak Haerul ya shigo. Ya dubi kabad ɗinsa wayam, ya ɗauki littafi ɗaya, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Bu Singara, wa ya ba ki izinin wannan?"

"Makulli na hannuna har azahar, Pak."

"Zan kai rahotonki."

"Kai. Ka rubuta sunana da kyau, akwai wata Singara a ofishin lafiya, kada a kama baiwar Allah."

Idonsa ya sauka a kan Irna da littafin da ke ƙirjinta. Ya miƙa hannu, ba da faɗa ba, ya ce, "Kawo, 'yata, ba a fita da shi." Irna ta ɗago kai ta dube ni. Irin kallon da na yi wa takalmina ne ina aji ɗaya, sai dai ita ni take kallo.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Pak, ni na ɓata wannan. Duk abin da ya same shi, a wuyana yake. Gida za ta je da shi."

Maganar ke nan, ban iya ƙara ko kalma ba. Amma sai matar da ke gefena ta ce ita ma ita ta ɓata na ɗanta. Ta bayanta ma haka. Kaka ta ce nata ba ta da wanda za ta ba, amma in ana kamu ga ta nan, sai dai a zo da abin ɗaukarta.

Pak Haerul ya sauke hannunsa ya ce, "Yanzu me zan nuna wa baƙin?"

"Nuna musu yaran," in ji Bu Singara.

Ya fita. Bai cire takardar ƙofa ba, amma bai tsaya a ƙofar ba. Yara suka bi ta ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya, kowa da littafi a hammata. Da azahar Bu Singara ta wanke faranti, ta miƙa makulli ga Bu Hasnita, matashiyar malamar da za ta gaje ta, ta hau kekenta ta tafi. Babu jawabi, babu hoto.

Na gode, Bu. Mun gode, mu da ba mu tashi tsaye ba a taron nan. Ba ki jira mu girma ba, don kin san ba duka za a bari mu girma a aji ba. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya bar miki hancinki.

Ku kuma masu riƙe da makullin ɗakin littattafai, a ko'ina kuke, ku ba ƙananan nan aro tun hannunsu na da datti. Za su jiƙa shi, za su zuba masa miya, wani ma zai faɗa ruwa. Ku ɗinke, ku sake bayarwa. Idan kuna tsoron ranar da sabon littafi zai fara ɓaci, ku ɓata shi da kanku ku huta.

Asabar ɗin da ta wuce na raka Irna mayar da littafin jirgin ruwa. Ruwan sama ya ɗaye takardar ƙofa, saura kusurwa ɗaya, kuma babu wanda ya sake liƙa ta. Bu Hasnita ta karɓi littafin, ta waiga ko wani na kallonta, sannan ta kai shi hanci da sauri. Ta yamutsa fuska.

"Kai, Irna! A cikin tukunyar kifi kika kwana da shi?"

Irna ta ce a'a, a gefenta dai. Aka ce ta je ta zaɓi wani.

Na ji ana cewa bayan hutu za a kawo wasu kwalayen, kuma wataƙila a liƙa sabuwar takarda. A kawo. Gahawa ba ta ƙare a garin nan ba, kuma kowaccenmu babban yatsa biyu gare ta.