Shafi Arba'in Babu Ruwan Sama

A shekarar da makarantarmu ta koyon aikin gona da ke Tasawa ta nemi hukuma ta amince da difulom ɗinta, ni aka ɗora wa rubuta tsarin inganta karatun ɗalibai. Darekta ya ce ya zaɓe ni ne don na fi kowa iya Faransanci. Kaina ya kumbura har hular ta matse ni.

Maganar ba ta wasa ba ce. In masu tantancewa daga Yamai ba su sa hannu ba, takardar da muke bai wa ɗalibai ba za ta shigar da kowa konkur ba, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Wanda abin ya fi shafa shi ne shugaban aji na ƙarshe, wani magidanci daga Gidan Amumune da ya ajiye kabu-kabu ya dawo karatu. Shekara ɗaya ta rage masa ya wuce shekarun shiga konkur. Ya sani, na sani.

Wata uku ina rubutu. Shafi arba'in na cika, da jadawali mai launi, da aikin rukuni-rukuni, da takardar jin ra'ayin ɗalibai wadda ni na tsara tambayoyinta kuma, Allah ya yafe mini, na ɗan taya su amsawa. Ranar da baƙi za su zo ma ni na zaɓa. Na duba na ga zafi zai ɗan sassauta a farkon damina, ba za su yi gumi su yi fushi ba. Iyakar tunanina ke nan, ni da aka haifa a Cake, na tashi ina bin bayan sungumin mahaifina da ƙwaryar iri.

Shugaban aji ya same ni a biro, wato ofishina, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula. Mushe ɗalibai ke ce wa malami, daga Faransanci.

"Mushe, in ruwa ya sabka ranan nan hwa? Kowa gida zai tahi shibka."

"Ilimi ba ya jiran hadari," na ce masa. Maganar ta yi mini daɗi a baki har na rubuta ta a gefen littafina.

Ana gobe baƙi za su iso, da la'asar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a taga ina murna ƙura ta kwanta. Sai da na ga ɗalibai suna fita da jakunkuna, biyu-biyu uku-uku a kan babur, sannan na gane abin da na yi. Kowa a ƙasar nan ya san ruwan shuka kwana biyu yake bai wa mutum. In danshi ya tafi, sai ka jira wani, kuma ba ka san ranarsa ba. Ni da bakina na koya musu haka a aji, har na ja layi biyu a ƙarƙashinsa a allo.

Na tare shugaban aji a bakin ƙofar makaranta, ya riga ya ɗaure jakarsa. Na roƙe shi. Na ce in baƙi suka tarar ba kowa, mun mutu, shi ma ya mutu. Ya ce gonarsa ba mai kama masa, tsohonsa ba ya iya ɗaga sungumi. Na ce kwana ɗaya ne kawai. Ya daɗe yana kallon gabas, sannan ya kwance jakar.

Washegari baƙi uku suka shiga aji mai kujera talatin, suka tarar da mutum ɗaya cikin riga mai guga. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na bi tsarina layi-layi. Na ce a rabu rukuni-rukuni. Shugaban aji ya waiwaya hagu da dama, ya ja kujerarsa gaba kaɗan. Darasin ranar kuwa, wanda na shirya tun wata guda, shi ne muhimmancin shuka a kan lokaci.

Shugabar baƙin, wata dattijuwa mai tabarau, ta bar ni na kai ƙarshe. Ta tambayi ɗalibin ina 'yan'uwansa, ya ce sun tafi shuka. Ta juyo gare ni da Hausa, ba da Faransancin da na yi wata uku ina gogewa ba.

"Malam, kowace shekara haka suke tafiya?"

Na ce haka ne.

"To a wane shafi ka yi maganarsa?"

Na buɗe takardar ina juyawa kamar wani zai saka mini shi a ciki. Ta ce ba laifi ba ne ɗalibin noma ya tafi gona, da ma a ce an tsara a bi su can a duba aikinsu a ba su maki. Laifin shi ne makarantar da ba ta san ɗalibanta manoma ne ba. Aka ce mu gyara, za su dawo baɗi.

Shugaban aji ya isa gida ƙasa ta bushe. Ruwa na biyu ya yi jinkiri, hatsinsa bai kai ko'ina ba. Baɗi ta zo, aka sa mana hannu, darekta ya yanka rago, aka yaba mini a gaban jama'a, ni kuma na karɓi yabon ban ko yi tari ba. Shi kam shekarunsa sun wuce.

Bara na sauka a tashar Mayahi zan wuce Cake gaida tsohuwata. Cikin 'yan kabu-kabu wani ya taso ya karɓi jakata, yana cewa, "Mushe, barka da sabka." Shi ne. Na hau bayansa, muka kama hanyar rairayi, gero ya kai gwiwa dama da hagu. Ya tambayi iyali, ya tambayi darekta. Can ya ce, "An sa maganar ruwan cikin takardar?"

Na ce an sa, ita ce ma shafin farko.

"To madalla. Ƙannenmu sun huta."

Ba gatse a muryarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ni har muka shiga gari, ina ta gode wa Allah da mai tuƙa babur ba ya ganin fuskar wanda ya ɗauko.