Neman mai zama da Inna kafin Litinin

Mun tashi daga Gummi ana idar da sallar asuba, ni da ɗan baffana a tsohuwar motarsa. Kwana goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina aiki ne da wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi a Abuja, sashen amsa koken masu ajiya. Shekara uku ina yin aikin daga zauren gidanmu, da kwamfuta da batir. A haka na yi jinyar Baba. Ran sadakar bakwai saƙo ya shigo: kowa ya koma ofis ranar Litinin, kwana biyar a mako, kuma katin da ake dannawa a ƙofa shi ne shaidar zuwa aiki. Na rubuta wa manajanmu cewa Inna tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba za ta bar gida ba, ga hawan jini, kuma ni kaɗai gare ta. Ya yi mini ta'aziyya mai kyau, ya ce dokar daga sama take. Na sake rubuta masa, amsar ba ta canza ba. To ko in samo wanda zai zauna da ita, ko in ajiye aikin da muke ci da shi.

Hanyar Bukkuyum ta sha ruwan damina. Inda kwalta ta ƙare direbobi sun buɗe tasu hanyar ta gefen gonaki. Shingen jami'an tsaro ya fi ramuka yawa, kuma kowane direba lissafinsa ɗaya, ya isa gida kafin la'asar. Mun karya da masa a bakin tasha. Mai masar ta ce ba ta ƙara kuɗi ba, gaskiyarta kuwa, masar ce ta rage girma.

Ƙanwar Inna na je nema a Bukkuyum. Na same ta a kwance, ƙafa ta kumbura, ita ma jinyarta ake yi. Muka yi kuka tare, ta sa aka dama mana hura da nonon da Fulanin garin Gwashi suka kawo, muka wuce.

Saura Gwaggo a Anka, yayar Baba. Ita da Inna sun yi shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Sau biyu na kira ta a waya kan maganar, tana cewa ba ta ji sosai. Mun iske ta tana sheƙar gero a tsakar gida. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Wanga aiki naka, kai ka yin shi ko kujerar ohis?"

Na ce ni ne, Gwaggo.

"To mi suka so da kai can?"

Na ce so suke su gan ni da ido.

Ta kakkaɓe faifanta. Sannan ta ce, "Kunnena lahiya lau yake. Irin wagga magana ba a aiko ta cikin waya. Tunda ka tako, ɗauko mani buhun kayana. Don ƙanena zan tahi, kada uwarka ta ɗauka wani abu."

Buhun a ɗaure yake a bayan ƙofa. Tun yaushe ta ɗaure shi, ban tambaya ba.

Mun shigo Gummi ana kiran la'asar. Gwaggo ta wuce kai tsaye ɗakin Inna, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da gado. Na ji ta ce, "Ya haƙuri?" Inna ta amsa, muryarta ta karye. Na fita zaure.

Na baro gida ina jin haushin masu cewa sai sun ga mutum da ido. Na dawo na san akwai maganar da sai an tako ake yin ta, ko da yake kati a ƙofa daban, fuska daban. Ranar Lahadi zan kama hanyar Abuja. Litinin zan danna katina kamar kowa, in hau bene, in tsaya gaban manaja in nemi a mayar da ni reshen kamfanin da ke Gusau, kusa da gida. Sau biyu na rubuta masa. Wannan karon da ƙafata zan je.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Inna lafiya.