Karnukan Ɗanasabe na Karaye

Duk Karaye an san Ɗanasabe da abu biyu, albasa da karnuka. Da damina yana noman gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama. Ruwa na ɗaukewa ya koma kan albasa, wadda yake kaiwa kasuwar Aliero. Ga tumaki da awaki, ga shanun huɗa, ga zabin matarsa Tabawa cike da gida. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki, shi kuwa ɗansa tilo, Sagir, tun yana saurayi ya gudu Jega ya zama ɗan kamasho a tasha. Karnuka ne suka tsaya masa.

Wani Bafulatani, Rufa'i, ya ba shi kwikwiyo na farko, ya koya masa yadda ake horar da kare da fito. Na ƙarshe da ya riƙe su ne Barsu da karyarsa Kyalla. In ya ja fito dogo sai su kewaye garken su tattaro shi, in ya datse shi su kwanta a bakin fadama, ko ɗan akuya bai isa ya taka kunyar albasa ba. Mutanen gari suna ƙyamar abin, wasu har janye riga suke yi in ya zauna kusa da su. Bai taɓa tanka wa kowa ba.

Wata ranar rani yana ban-ruwa ya faɗi. Haushin Kyalla ne ya jawo maƙwabta. Aka kai shi asibiti a Jega, aka dawo da shi ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Dangi suka matsa wa Sagir ya dawo gida, ya dawo yana cika yana batsewa. Tun yana ƙarami yara ke kiransa ɗan mai karnuka, kuma bai manta ba.

Karnukan ba su san muryarsa ba. Ya yi tsawa, ya yi jifa, su dai kallonsa suke yi. Cikin mako guda tumaki suka shiga albasar wani maƙwabci, Waliyyu, suka tattake ta. Waliyyu ya zage shi tas a gaban mai unguwa.

Washegari Sagir ya ɗora uban a baro, ya tura shi har bakin fadama, inda masu ban-ruwa ke aiki.

"To Baba, ga 'yan'uwana da ka fi so," in ji shi. "Yi musu fito mu gani."

Tabawa ta biyo su da gudu, mayafi a hannu. "Sagir, ka ji tsoron Allah. Mi yay yi maka?"

"Inna, ki koma gida. Aiki muka yi."

Ɗanasabe ya tattara leɓensa ya hura. Iska ce ta fito, sai yawu ya bi ta gefen bakinsa ya jiƙa rigarsa. Ya sake gwadawa. Karnukan suka zo suka kwanta jikin baron suna kaɗa wutsiya, tumaki kuwa suka watsu. Wani daga cikin masu ban-ruwa ya yi dariya, sauran suka sunkuyar da kai, babu wanda ya ce wa Sagir ya bari.

Daga nan ya ɗaure karnukan a gindin dogonyaron tsakar gida, daidai inda ake shimfiɗa wa uban tabarma, ya hana a ba su abinci. Tabawa ta kai musu ragowar tuwo a ɓoye, ya gani, ya shure ƙwaryar. Ɗanasabe yana kwance yana kallon haƙarƙarinsu na fitowa. Da hannunsa mai rai yake tura musu nasa abincin, har Sagir ya ja tabarmar baya yadda ba zai kai ba.

Barsu ne ya fara mutuwa. Sagir ya zuba maganin feshi a cikin hanjin akuya ya jefa masa. Yunwa ta sa ya haɗiye, ya yi ta birgima da kumfa a baki, idonsa a kan maigidansa. Kyalla ta ƙi taɓa nata. Sai Sagir ya ɗaura igiyarta a bayan babur, ya kama hanyar Maiyama da ita. Ya dawo da igiyar kawai, ya rataye ta a danga.

Kafin faɗuwar ruwa ya sayar da garken da shanun huɗa, ya ba Waliyyu aron fadamar, ya koma tasharsa. Tabawa ta riƙe gidan da sayar da ƙwan zabi da daddawa. Ɗanasabe ya daina karɓar abinci sai an ɗura masa kunu, ya rasu gero na fitar da kai.

Sagir ya zo zaman makoki da farin yadi, ya zauna a zaure. Mutane suka yi ta shigowa suna yi masa ta'aziyya, wasu suna yaba masa da ya bar aikinsa ya zo jinyar tsoho. Yana amsawa da amin, amin. Tabawa tana jin su daga cikin gida, tana tankaɗen garin da za a yi wa baƙi tuwo.