Turancin da Aka Yi a Kan Gadon Inna

Shekara ashirin da bakwai mahaifiyata ta yi tana goge daɓen ɗakin mata a asibiti. Ma'aikata suna ce mata Sarkin Tsafta, don ko babban likita ne ya taka mata jiƙaƙƙen daɓe sai ta yi masa wankin babban bargo. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba abin da ke wuce kunnenta.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, a ɗakin nan aka ba ta gado, na uku daga taga. Yayana yana aiki a nesa, ya ce sai Asabar zai samu izini. Muka ce ba gaggawa, tunda ba wanda ya ce mana akwai.

Ran Talata da safe wani sabon likita ya shigo, ɗalibai biyar a bayansa. Ko gaishe ta bai yi ba. Ya ɗaga takardar gwaji, ya juya mata baya, ya ce musu da Turanci aikin ƙodarta ya rikito daga kan tsauni. Har da kwatance da hannu, fuuu, zuwa ƙasa. Wata ɗaliba ta rubuta. Wallahi har yau in na tuna hannun nan sai zuciyata ta tafasa. Uwar wasu ce fa a kwance!

Haka suke, in magana ta yi nauyi sai su laɓe a bayan Turanci, wai kar hankalin mara lafiya ya tashi. Ni ma da Inna ta tambaye ni me ya ce, sai na ce wai ana samun sauƙi.

Ta harare ni. Ta ce fassara dai ba ta sani ba, amma ta sha jin maganar nan tana tsaye da tsumma a hannu, kuma duk gadon da aka yi ta a kansa, kafin kwana uku ita ke yaye zanensa.

Ta kamo gefen rigar likitan.

"Ɗana, faɗa mini da Hausa. Kwana nawa?"

Ya hau in-ina yana duban ɗalibansa. Ta sake shi, ta juyo gare ni.

"Kira yayanki. Ki ce yau, ko da za su kore shi."

Laraba da la'asar ya iso, ta gane shi, ta riƙe hannunsa. Alhamis ba ta ƙara gane kowa ba. Da ta yarda da ƙaryata, da sai Asabar zai zo. Likitan nan tuni ya manta da mu, ni ce har yau ban yafe wa kaina ba.