Itatuwan Hamma Goma Sha Bakwai

Hamma bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma shekara goma sha ɗaya duk motar kayan da za ta tashi daga kasuwar Tanut zuwa ƙauyukan kwarin Tarka, sai da shi a saman lodi. Jagorancin ayari ya gada wurin ubansa. Da motoci suka karɓe aikin raƙuma, sai ya koma yi wa direbobi jagora. Hanyar ba kwalta, rairayi ne zalla. Itatuwa goma sha bakwai ya haddace don gane hanya: aduwa tara, magarya biyar, gawo uku. In ya bugi rufin mota sau ɗaya, dama ke nan. Sau biyu, hagu.

A shekarar fari ta 1984 aka ɗora buhun gero tamanin za a kai ƙauyensu, inda matarsa Raishatu da yara huɗu suka kwana goma sha biyu ba abin ci sai 'ya'yan itacen anza masu ɗaci.

Ya sami itace na shida. Na bakwai babu. Makiyaya sun sare rassan sun ba dabbobi, masu sayar da itace sun tone kututturen. Hamma bai faɗa ba, don a gidansu jagora ba ya cewa ya ɓata. Ya yi ta bugun rufi, dama, hagu, tun hantsi har azahar, sai ga su a kan sawun tayarsu.

Ɗanmalam direba ya kashe mota, ya tsoma kara a tanki. Ya ce man da ya rage ba na yawo ba ne.

"Baba, ko ka nuna hanya yanzu, ko in juya Tanut da geron nan."

Hamma ya sauko. Ba komai a filin sai mushen shanu. Ya duba ɗaya, ya duba goma, duk kawunansu waje guda suka fuskanta. Saniya mai ƙishirwa rijiya take nufa, kuma rijiyar ƙauyensu kaɗai ta rage da ruwa.

"Bi mushen," ya ce.

Ɗari biyu da talatin da huɗu ya ƙirga. Biyun ƙarshe da tsagar kunnen garken gidansa.

Sun isa bayan la'asar. Raishatu ta fito da ƙwarya, yara na biye da ita. Hamma ya ƙirga, uku. Ya sake ƙirgawa. Ta ce da azahar aka rufe autar.